Amsar Tambaya: Bayan Hilux na tsalle cikin yashi

Tambaya: Na ɗaga motata Hilux da bulo. Yanzu in na taka mai cikin yashi, bayanta sai tsalle. Ina mafita? Mai karatu, Dutse.

Amsa: Malam, bulon ne. Ya nisanta aksil daga sifirin, shi ya sa da taya ta ciji ƙasa sai aksil ya murɗe, ya lanƙwasa sifirin, ya sake shi da ƙarfi. Farfela ke shan wahalar.

Fara ɗaure yubol tukuna. In abin bai daina ba, a sa sandunan ƙarfe biyu daga aksil zuwa shasi. Amma mai walda ya bar bakinsu na gaba da roba da mahaɗi mai lilo. In ya liƙe ƙam, ranar da ka ɗauko lodin gero daga Shuwarin waldar na iya tsagewa. Da ni ne, tsayin bulon zan rage.