GAMBA: CIYAWAR ZANA DA TA ZAMA ANNOBA A OSTIRELIYA

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san gamba, doguwar ciyawar da ake saƙa zana da ita, a yi danga da jinka. Ba ta mutuwa shekara-shekara. Tushenta na nan a ƙasa, da ruwa ya sauka sai ta toho. Masana na kiran ta Andropogon gayanus, amma a Ostireliya da sunanta na Hausa aka san ta.

Yadda ta je can

A shekarun 1930 aka kai irinta Ostireliya daga Afirka don ciyar da shanu. Arewacin ƙasar yana da damina da rani irin namu, sai ta samu wuri kamar gida. Daga wuraren kiwo iska da motoci suka yaɗa irinta, ta mamaye filayen kwari da ke kewaye da Darwin, birnin bakin teku, har ta shiga gandun dajin Litchfield.

Ina matsalar take?

A wajenmu shanu suna cin ta tun tana ɗanya, mutane kuma su yanke ta da kaka. A can kuwa, inda ba a kiwo, babu mai taɓa ta. Takan kai tsawon mita 4, ta danne ƙananan ciyayin ƙasar. Ba ta bushewa sai rani ya yi nisa, lokacin da komai ya ƙeƙashe. Idan wuta ta kama ta, harshen wutar yakan kai kan bishiyoyi ya kashe su. Da damina gamba ta sake tohowa, ta cike gurbinsu. Kowace gobara tana ƙara mata fili, daji yana komawa saura.

A 2008 yankin Arewacin Ostireliya ya haramta shuka ta, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Yanzu ana ta fama da ita da feshin magani.

Darasi

Amfanin tsiro ko illarsa ya danganta da inda yake da kuma abin da ke rage shi. Shi ya sa ake binciken iri da tsirrai a kan iyaka.

Tambayar mako: wane baƙon tsiro ne ya addabi koguna da madatsun ruwanmu? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.