YADDA AKE GANE DABINO DA 'YAN'UWANSA TA GANYE

Zuwa ga manoma da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Kazaure, da Ɓaɓura, da Roni, da Gwiwa.

Dabino itace ne mai jinkiri. Wanda ya dasa abin da bai sani ba, sai ya yi shekara biyar ko fiye yana ban ruwa kafin ya gane ya yi hasara. Saboda haka ku karanta wannan takarda, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

1. Kashi biyu. Giginya da goriba ganyensu a baje yake kamar mafici. Dabino da kajinjiri da tukurwa da kwakwa kuwa, ganyensu a jere yake dama da hagu a jikin reshe, kamar gashin tsuntsu. Kashi na biyun nan ne ke rikita mutane.

2. Dabino. Ku duba gindin reshe, za ku ga ƙayoyi dogaye masu tsini. Ganyen kore ne mai ruwan toka, yana da tauri, bakinsa yana suka. Kowane ɗan ganye a naɗe yake kamar indararo, bakin yana duban sama.

3. Kajinjiri. Ɗan'uwan dabino ne na daji, yana bin bakin rafi. Ƙaya da naɗin ganye duk ɗaya ne da na dabino, amma ganyensa ya fi kore da sheƙi da taushi, kututturensa siriri, 'ya'yansa ƙanana ba nama. Kada ku ba shi wuri a garka.

4. Tukurwa da kwakwa. Naɗin ganyensu a kife yake, yana duban ƙasa. Tukurwa ita ce mai gwangwala, tana son wuri mai ruwa. Kwakwa ta kurmin kudu ce, ranin ƙasarmu ya fi ƙarfinta.

5. Ganye yakan sake kama. Dabinon da ya tsiro daga ƙwallo, ganyensa na fari guda ne bai rabu ba, sai ya girma yake tsagewa. Wanda ya sha ruwa a fadama reshensa ya fi na jigawa tsawo. Kada wannan ya sa ku ce iri biyu ne.

6. Abin da ganye ba ya faɗa. To, ga babbar magana. Dabino akwai namiji akwai mace, macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Ganye ba ya nuna wannan, sai ran da fure ya fito. In kun shuka ƙwallo 100, wajen rabi maza ne, matan kuma ba lalle su gaji zaƙin uwarsu ba. Alhali namiji ɗaya ya ishi mata wajen 50 in kuna yi musu aure da hannu.

7. Abin yi. Ku nemi uwar da kuka ɗanɗana 'ya'yanta da bakinku. Ku cire ɗan da ya tsiro a gindinta, wanda ya shekara 3 ko 4 ya yi saiwa. Shi ne zai fito mace, irin uwarsa sak. Ku rage masa ganye, ku ɗaure sauran, ku dasa, ku bar taku 10 tsakani, kada ku bari ya bushe.

A Dutse akwai gonar binciken dabino ta hukumar NIFOR. Dagaci ya haɗa mutanensa da malamin gona, su nemi shawara can kafin su sayi dashe a kasuwa.