Yadda Za Ka Zaɓi Kamfanin Rajistar Domen: Abubuwa 5 Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Tun da muka fara koyon haɗa shafin intanet da waya, tambayar da ta fi yawa ita ce: a wane kamfani zan sayi domen? Yau za mu tsaya a kanta.

Zan fara da abin da ya faru da ni. Domen ɗina na farko na saye shi ne a wani kamfani saboda na ga farashinsa bai kai kuɗin data na wata ba. Bayan shekara sai kuɗin sabuntawa ya zo ya ninka sau da yawa, katina kuma ya ƙi biya. Kafin in haɗa kuɗin, wa'adi ya wuce, aka ɗora mini tara. Ƙarshe dai na haƙura da sunan, duk wanda ya saba shiga shafin ya rasa ni.

Domen haya ne, ba saye ba

Domen shi ne sunan da ake rubutawa a burauza a iso shafinka. Kuɗin da kake biya haya ce ta shekara, kamar rumfa a kasuwa. Za ka iya biyan shekara 1 har zuwa 10 a lokaci guda, amma ranar da ka daina biya, wani zai iya kama wurin.

Kowace dauri tana da mai riƙe da babban kundinta. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com da .net. NiRA ce ke kula da .ng na Najeriya. Su ba sa sayar maka kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin rajista, kamar Namecheap, GoDaddy, Porkbun da Cloudflare, ko na gida irin su QServers. Ka ɗauke su a matsayin dillalai: .com ɗin da za ka samu a wurin wannan shi ne dai na wurin wancan. Bambancin yana farashi da yadda za su riƙe ka.

1. Yana da izini?

Idan .com ko .net ko .org kake so, duba ko hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ta amince da kamfanin. Jerin sunayen yana shafinta. Idan .ng ko .com.ng ne, duba jerin NiRA. Akwai ƙananan kamfanoni da ke saro wa daga manya su sayar. Ba laifi ba ne, amma ka san wane babban kamfani ne a bayansu, don ranar da suka rufe ka san inda za ka nufa.

2. Kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko ba

Nan ne yawancinmu ke faɗawa. A Satumban 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 daga kamfanonin rajista a kan kowane .com duk shekara. To wanda ya ba ka a dala 1 ko 2, faɗuwa ya yi da gangan, kuma a shekara ta biyu zai fanshe. Kafin ka biya, nemo teburin farashinsu ka duba abu uku: rajista, sabuntawa, da tarar dawo da domen da wa'adinsa ya wuce. Sai ka lissafa kuɗin shekara 3, ka gwada da na wani kamfanin. Cloudflare kan sayar a farashin sari, sai dai dole ka yi amfani da DNS ɗinsu.

Ka guji na kyauta. Mutane da yawa sun gina shafuka a kan .tk da .ml da Freenom ke rabawa. A 2023 ya daina sabuwar rajista, daga baya ya bar harkar, shafuka suka bi ruwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

3. Za ka iya biya duk shekara?

Kamfanonin waje da dala suke karɓa, katin naira kuwa wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, ga canjin dala ba ya zama wuri ɗaya. Idan ba ka da tabbataccen katin dala, kamfanin gida mai karɓar tiransifa ya fi maka kwanciyar hankali. Idan kuma kwastomominka a Najeriya suke, .com.ng ya fi .com sauƙi, kuma da naira za ka biya.

4. Sunan wa ke kan rajistar?

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai domen, ko da kai ka biya kuɗin. Idan ka ba wani ya haɗa maka shafi, kada ka bari ya saya a asusunsa. Ka buɗe asusu da imel ɗinka, ka saya da kanka, sannan ka ba shi damar aiki. Haka idan kamfanin hostin ya ce zai ba ka domen kyauta, tambaye su da sunan wa zai fita.

Bayan ka biya, za su turo saƙon tabbatar da imel. Ka danna shi da wuri, domin idan kwana 15 suka wuce za a iya dakatar da domen ɗin. Ka duba kuma ko kamfanin yana da tsaro mai mataki biyu, da ɓoye bayananka a WHOIS ba tare da ƙarin kuɗi ba, don kada lambarka da adireshinka su zama a fili.

5. Za su bar ka ka tafi?

Kana da ikon mayar da domen ɗinka wani kamfani. Abin da ake buƙata shi ne ka cire kulle, ka karɓi lambar EPP, ka kai wa sabon kamfanin. A .com yawanci sai an yi kwana 60 da rajista kafin a iya. Kamfanin kirki yana ajiye lambar a cikin asusunka, ka ɗauka da kanka. Wanda sai ka yi ta roƙo a imel, ka yi nesa da shi. Ko manya ma suna canja hannu: a 2023 Google ya sayar wa Squarespace sashensa na domen, masu asusu suka tsinci kansu a sabon gida.

Idan wa'adi ya ƙare

A .com shafinka zai daina buɗewa, amma akan ba ka 'yan kwanaki ka sabunta a farashin da ka saba, gwargwadon tsarin kamfanin. Daga nan sai kwana 30 na fansa mai tara, sai kwana 5 na jiran gogewa, sannan kowa zai iya saye. Don haka ka kunna sabuntawa ta atomatik, ka kuma saka tuni a kalandar wayarka wata guda kafin ranar.

Gwaji na ƙarshe kafin ka biya: tura wa sashen taimakonsu tambaya, ka ga awa nawa za su ɗauka kafin su amsa. Yadda suka amsa maka yau, haka za su amsa ranar da shafinka ya faɗi.

A darasi na gaba, in sha Allah, za mu ga yadda ake haɗa domen da hostin ta waya.