Darasin Lafiya: Yadda Amiba Ke Cin Hanji da Hanta

Darasinmu na wannan fitowa a kan atuni ne, wato zawon da ke zuwa da jini da majina da murɗawar ciki. Inda mutane suka cunkushe, masai ya yi kaɗan, ruwa kuma sai an bi layi, nan atuni ke samun gindin zama. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo shi. Yau za mu duba guda ɗaya, wadda likitoci ke kira amiba.

Mece ce amiba?

Wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likita mai suna Fedor Losh ne ya fara bayaninta a ƙasar Rasha a 1875, bayan ya gan ta a bayan gidan wani mai atuni. A 1903 aka raɗa mata cikakken suna, Entamiba histolitika. Ma'anar kalma ta biyu ita ce mai narkar da tsoka.

Tana da kama biyu. Ta farko kamar ƙwai take, mai tauri, kuma ita ce ke fita tare da kashi. Ko an jera 100 ba za su kai tsawon milimita 2 ba. A wuri mai danshi ƙwan yakan yi makonni da rai. Idan mutum ya haɗiye shi a ruwa ko abinci ko ta hannu mai datti, zafin ruwan tumbi ba ya kashe shi. Sai ya isa hanji ya fashe, ƙwai ɗaya ya ba da amiba 8. Wannan ita ce kama ta biyu, mai motsi da ci, wadda ke zama a babban hanji.

Yadda take ɓarna

Mu ɗauki hanji kamar katangar laka. Tubalanta su ne ƙananan ƙwayoyin halittar jiki, yaɓenta kuwa majina ce mai santsi da ke kare su.

Da farko amiba takan fitar da wasu sinadarai masu narkar da yaɓen. Idan ta kai ga tubali, sai ta manne masa da wani abu mai kama da danƙo da ke jikinta. Sai ta taɓa ƙwayar jiki kafin ta iya kashe ta. Tana kuma da sinadarin da ke huda fatar ƙwayoyi.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka nuna cewa amiba tana gutsurar ƙwayar jikin mutum tun tana da rai, loma bayan loma, har ƙwayar ta mutu, sannan ta matsa ga ta gaba. Daga baya aka gano wata dabarar tata: takan ɗora abin da ta gutsura a kan fatarta, kamar ɓarawon da ya sa rigar mai gida, don haka wasu daga cikin masu gadin jini ba sa iya kashe ta. Tana haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma kashe farare, waɗanda su ne sojojin jiki. Faɗan da ake yi a wurin ma yana ƙara ƙona tsokar da ke kewaye.

A haka take haƙa miki mai siffar tulu: baki ƙarami, ciki mai faɗi. Daga mikin ne jini da majina ke fitowa. Idan ya yi zurfi ƙwarai yakan huda hanji, kuma wannan na iya kisa.

Wani lokaci takan faɗa jijiyar jinin da ke tafiya daga hanji zuwa hanta. A can sai ta kashe wani yanki na hantar ya zama maruru, cike da ruwa mai kauri ja-ja-baƙi. Wannan ya fi kama maza manya, kuma yakan bayyana bayan watanni, ko da mutum bai taɓa ganin jini a bayan gidansa ba.

Alamomi

Yawanci ciwon kan fara makonni 2 zuwa 4 bayan haɗiye ƙwan, kuma a hankali yake zuwa: ciwon ciki, yawan zuwa masai, yunƙuri ba tare da abu ya fito sosai ba, jini da majina, da rama. Na hanta kuwa zazzaɓi ne da ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa.

Mu lura: cikin mutum 10 masu ɗauke da amiba, kusan 9 ba sa jin komai, amma suna zubar da ƙwanta. Mai lafiya garau na iya sa wa jaririn gidansa ta hannun da bai wanke ba.

Magani

Duk wanda ya ga jini a bayan gida, nasa ko na yaro, ya je asibitin sansani a ranar. Akwai wani atunin da ƙwayar bakteriya ke kawowa, maganinsa daban ne, shi ya sa sai likita ya duba. Maganin amiba kashi biyu ne. Na farko, irin su metronidazol da muka fi sani da Flagyl, yana kashe wadda ta shiga tsoka. Na biyu, irin su paromomaisin, yana share wadda ta rage a cikin hanji. A shanye duka ko an ji sauƙi.

Kada a sayi ƙwayar tsayar da zawo idan akwai jini. A guji ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon, domin suna kwantar da sojojin jiki, amiba ta yi yadda ta ga dama. A ci gaba da ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Uwa kada ta daina ba da nono. Masu ciki, ƙananan yara da masu tamowa su ne ciwon ya fi kayarwa.

Abin da ke hannunmu

1. Wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan tsarki, bayan wanke wa yaro kashi, da kafin girki ko ci. Ruwan buta kaɗai bai isa ba.
2. Zuba kashin yara a masai, a rufe bakin ramin saboda ƙuda.
3. Maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe kwalara, amma ba lallai ya kashe ƙwan amiba ba. Ruwan tafki, kogi ko buɗaɗɗiyar rijiya a tafasa shi sosai na minti 1.
4. Rufe randa da jarka, a ware moɗa mai mariƙi don ɗiba.
5. Dafa ganye, a ɓare 'ya'yan itace, a yanke farce.

Idan masan unguwarku ya cika, ko babu ƙofa da fitila har mata da 'yan mata na tsoron zuwa da dare, ku sanar da shugaban unguwa ko ofishin kariya. Tsoron nan ne ke sa a tsuguna a bayan tanti, kuma ruwan sama ɗaya ya isa ya kai ƙwan ƙofar kowa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana yaranmu, amin.