Darasi na 12: Kalmar "Bariki", Asalinta da Ma'anoninta

A wannan darasi za ku ga yadda kalma take tashi daga wani harshe ta shiga wani, har ta sami sababbin ma'anoni. Kalmar da za mu duba ita ce "bariki".

Asalin Kalmar

Hausawa sun aro "bariki" daga kalmar Ingilishi "barracks". Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, cikin ƙarni na 17. A Faransanci "baraque" ake cewa, a Sifaniyanci kuwa "barraca". Ma'anarta ta farko ita ce bukka ko rumfar da soja yake kafawa don ya fake daga rana da ruwan sama. Daga baya aka riƙa kiran manyan gine-ginen da sojoji suke kwana da wannan suna.

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903, suka kakkafa mazaunin sojojinsu a gefen garuruwa. A zamanin mulkin nasu ne kalmar ta bazu a bakin Hausawa. Ku lura da yadda aka gyara ta: an yar da "s" ɗin ƙarshe, an sa wasalin "i" a gurbinsa, domin galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ta wannan hanya ce kuma aka sami "soja" da "fareti".

Ma'anoninta a Hausa

Ta farko, wurin zaman sojoji ko 'yan sanda. Misali: "Yayana yana zaune a barikin soja." Jam'inta "barikoki".

Ta biyu, masaukin da ake gina wa jami'an Turawa idan sun fita rangadi, da kuma unguwar da suke zama a bayan gari. Akwai wuraren da har yau suke ɗauke da wannan suna, kamar Barikin Ladi a Jihar Filato.

Ta uku, rayuwar da mutum yake yi nesa da gida, inda babu idon iyaye balle kunyar dangi. Daga nan aka sami "zaman bariki", "ɗan bariki" da "'yar bariki".

Akwai kuma "Barikanci", wato sauƙaƙƙiyar Hausar da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban suka riƙa magana da ita a tsakaninsu.

Hattara

A nan ne mai koyo yakan yi tuntuɓe. Idan abokinku ya girma a barikin soja, kada ku gabatar da shi a gaban mutane da cewa "ɗan bariki ne". Bahaushe zai ɗauka kuna nufin mutum mai wayon tsiya, wanda ya watsar da tarbiyyar gida. Ga mace kuwa abin ya fi muni, domin "'yar bariki" zargi ne da ya shafi mutuncinta. Abin da ya dace ku ce shi ne: "A barikin soja ya tashi," ko "Mahaifinta soja ne."

Haka kuma ba kowane wurin fakewa ake kira bariki ba. Wanda ruwan sama ya kora "mafaka" yake nema, mai sayar da kaya a kasuwa "rumfa" yake kafawa, makiyayi kuwa "bukka" yake yi.

Aiki

1. Daga wane harshe Turawan Ingila suka aro kalmar?
2. Me ya sa Hausawa suka ƙara wasali a ƙarshenta?
3. Ku gina jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan: bariki, mafaka, rumfa, bukka.
4. Ku kawo kalmomi uku da harshenku na gida ya aro daga Ingilishi, ku bayyana yadda aka gyara su.