Kallo Ya Koma Sama: Yadda Ake Auna Hasken Tauraron Da Ya Fashe

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san manoman ƙasarmu ta Kiru da Bebeji ba su rabuwa da lissafin taurari. Tun ina ƙarami nake jin kakana yana ambaton Surayya da Dabaran idan damina ta kawo jiki. Amma sai da na zo makaranta na san cewa tauraro ma yana mutuwa.

Idan babban tauraro ya ƙone makamashin cikinsa, sai cikin ya rufta, ya tarwatse da haske mai tsanani. Masana suna kiran wannan sufanoba. A shekarar 1006, wani likitan Masar, Ali bin Ridwan, ya ga irinsa, ya kwatanta girmansa da Zara matar wata, haskensa kuma da na wata. Wato tun wancan zamani da kwatance ake awo.

Ga yadda ma'aunin yake. An kasa taurarin da ido ke gani daraja shida. Masu haske sosai su ne daraja ta 1, waɗanda da kyar ake hangowa kuwa daraja ta 6. A lura, ƙaramar lamba ita ce mai haske. A 1856 wani Baturen Ingila, Norman Pogson, ya daidaita lissafin, ya zamana tauraron daraja ta 1 ya fi na daraja ta 6 haske sau 100. Kowace daraja ta fi mai bi mata kamar sau biyu da rabi ke nan.

To, idan sabon tauraro ya bayyana, sai a nemi taurari biyu kusa da shi waɗanda aka san darajarsu, ɗaya ya fi shi haske, ɗaya bai kai shi ba. A raba tsakaninsu gida goma a zuci. Misali, in na farko 3.0 ne, na biyu 4.0, sabon kuma ya gaza na farko da gida uku, darajarsa 3.3 ke nan. A rubuta kwanan wata da lokaci. Gobe a sake, jibi a sake. Daga nan a zana jadawali, kwanaki a kwance, daraja a tsaye. Layin da ya fito shi ne labarin tauraron.

Haka aka yi a watan Fabrairu na 1987, lokacin da Ian Shelton da Oscar Duhalde a ƙasar Cile, da Albert Jones a Niyu Zilan, suka gano sufanoban da aka raɗa wa suna 1987A. Shi Jones ba ma'aikacin ɗakin binciken taurari ba ne, sha'awa ce kawai, da ido da madubin hangen nesa yake awonsa. Nisan tauraron ya kai tafiyar haske ta shekara wajen 168,000. Haskensa ya yi ta ƙaruwa har watan Mayu, ya kai wajen daraja ta 3, sannan ya soma dushewa. Abin mamaki, dushewar ta bi ƙa'ida, ta yi daidai da rikiɗewar wani sinadari, kobal 56, wanda rabinsa ke komawa baƙin ƙarfe cikin kwana 77. Da haka aka tabbatar cewa a cikin irin wannan fashewa ake ƙera ƙarfe. Ashe garmar kakana daga taurari ta samo asali. Allah mai iko!

Tun da ba mu da sufanoba a hannu, malaminmu na kimiyya ya sa mu gwaji da wani jan tauraro mai suna Betaljus, wanda ke gabas da Dabaran a dararen hunturu. Masana sun ce shi ma wata rana zai fashe. A farkon 2020 ya dushe har daraja 1.6, duniya ta ɗauka lokaci ya yi, ashe ƙurar da ya fesar ce ta kare shi.

Muna kwatanta shi da Rijil mai daraja 0.1 da Dabaran mai 0.9. Wani dare bayan karatun dare na fita filin ƙwallo, na ga ya yi dishi-dishi. Na ruga wurin Malam ina haki, na ce tauraro zai fashe. Ya fito ya duba, ya ce, "Yaro, dubi Dabaran." Na duba, shi ma dishi-dishi. Ashe hazo ne ya taso. 'Yan ajinmu suka yi mini dariya har mako guda, amma tun ran nan ban ƙara rubuta lamba ba sai na kwatanta.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, mu riƙa ajiye littafi da fensir. Ba mu da manyan na'urori, amma Allah ya ba mu sarari mai duhu da mutanen birni ba su da shi. Ran da Betaljus zai fashe, mai littafin da ya cika shi ne zai iya cewa ga yadda abin ya soma. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.