Darasin Kimiyya: Sauyin Ƙwayar Gado da Ba a Tantance ba a Ciwon Lalacewar Tsoka

Ɗalibai, mu fara da yaro ɗan shekara huɗu. In ya faɗi ba ya iya miƙewa sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sannan ya bi cinyarsa da hannu har ya tsaya. Sha-raɓarsa ta yi kauri, amma babu ƙarfi. Likita zai yi zargin ciwon Dushen, wanda ke kama kusan namiji 1 cikin 5,000. Tushensa ƙwayar gado ce mai suna DMD, a kan kuromosom X, mai sassa 79. Ita ke samar da furotin distirofin, mai kare tsoka daga yagewa.

Sai a ɗebi jini a karanta ƙwayar. Galibi amsar a fili take: wani sashe ya ɓace. Amma wani lokaci harafi ɗaya tak ya sauya, kuma ba a taɓa ganin irinsa ba. Ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2015 ta kasa sauye-sauye gida biyar: mai jawo cuta, wanda ake kyautata zaton yana jawowa, wanda ba a tantance ba, wanda ake kyautata zaton ba shi da illa, da marar illa. Na tsakiyar nan ne darasinmu.

Ku riƙe wannan da kyau: "ba a tantance ba" na nufin hujja ba ta cika ba. Bai tabbatar da cuta ba, bai kuma wanke ƙwayar ba.

To ta yaya hujja ke cika? Da farko a koma ga dangi, domin nan ne bayani ya fi yawa. Namiji daga mahaifiyarsa yake gadon X. In aka gwada kawunsa na wajen uwa, magidanci mai noma da ƙarfinsa, aka sami sauyin a jikinsa, zargi ya yi rauni ƙwarai. In kuwa duk mazan da ke da ciwon a dangin uwa suna ɗauke da shi, masu lafiya ba su da shi, zargi ya ƙarfafa. Sannan a auna sinadarin CK, mai nuna lalacewar tsoka, a jini, a kuma ɗebi ɗan tsoka a duba ko distirofin na nan.

Akwai kuma rumbunan bayanan ƙwayoyin gado irin su gnomAD da ClinVar. A nan abin ya shafe mu kai tsaye: yawancin mutanen da ke cikinsu 'yan asalin Turai ne. Sauyin da ya zama ruwan dare a wani yanki na Afirka zai iya fitowa kamar baƙo, don kawai ba a gwada mutanen wurin ba.

A ganina, babban kuskure shi ne a fasa aure ko a ɗora wa uwa laifi saboda irin wannan sakamako. A kula da yaron bisa alamun jikinsa, a adana takardar, a koma wurin likita a sake duba ta, domin ana sauya wa sakamako matsayi idan sabuwar hujja ta fito.